"Za Ta Ƙarasa A Ɗakinta": Tarihin Aure Da Karatu A Garin Wudil



Watanni kaɗan da suka wuce aka zo neman auren 'yata ta fari, wadda ke aji uku a jami'ar garinmu. Kamar yadda al'ada ta tanada, ƙanena ne ya karɓi baƙin a zaure, ni kuwa ina can gefe na sunkuyar da kai kamar ba da ni ake ba. Sharaɗi ɗaya tak na ce ya faɗa musu, wato maganar karatun yarinya. Bai gama rufe baki ba baffan yaron ya ce, "Haba Alhaji, ai wannan ba abin damuwa ba ne, za ta ƙarasa a ɗakinta." Kowa ya gyaɗa kai, aka shafa fatiha, aka raba goro. Ni kaɗai ne gabana ya faɗi, domin kuwa wannan magana ita ce baffana ya faɗa wa surukaina a 2002, kuma ni na san irin ƙiris ɗin da ya rage alƙawarin nan ya bi ruwa a hannuna. Wannan ne ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta abin da na sani game da tarihin wannan alƙawari a garinmu, tun daga kan iyayenmu har zuwa kan 'ya'yanmu.

GARIN DA MUKE MAGANA A KAI

Ga wanda bai san Wudil ba, gari ne da ke kimanin kilomita 40 daga birnin Kano, a kan titin da ya nufi Maiduguri. Kogin Kano da na Challawa sukan haɗe kafin su iso mu, ruwan ya ratsa ta ƙarƙashin gadarmu ya nufi Haɗeja. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, daga baya kuma ta Challawa a 1992, yanayin kogin ya sauya, masu noman rani suka ƙaru a bakinsa, ga masunta, ga masu ɗibar yashi. An daɗe da sanin Wudil a matsayin ƙasar Makaman Kano, sarautar Joɓawa, zuriyar da Malam Bakatsine ya jagoranta a lokacin jihadi. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutane kimanin 185,000. Amma abin da ya fi fito da sunan garin shi ne kasuwar Juma'a, musamman kara, inda ake loda shanu a tireloli zuwa Kudu.

Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, Wudil garin makarantu ne tun ba yau ba. Akwai tsohuwar kwalejin horon malamai wadda ta yaye ɗimbin malaman firamare na ƙasar Kano. Akwai makarantar koyon sana'a, inda Rabi'u Musa Kwankwaso ya yi karatu yana yaro. Makarantar horon manyan jami'an 'yan sanda, wadda aka kafa a 1988, ta tare a mazauninta na dindindin a Wudil a 1996, aka kuma ɗaga darajarta zuwa mai ba da digiri a 2012. Sai kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ta fara aiki a 2001. Ke nan duk wanda ya tashi a garin nan ya tashi ne tsakanin kasuwa da aji, kuma da yawanmu mun yi aure ƙafa ɗaya na kara ɗaya na makaranta.

ZAMANIN IYAYENMU

Kada mai karatu ya ɗauka cewa haɗa aure da neman ilimi baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Gardawa da malaman zaure sun yi ta karatu da iyalinsu tun kaka da kakanni. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke ɗaukar karatu su kai wa matan aure har cikin gidajensu a ƙauyuka. To amma wancan karatu ba ya da ƙararrawa, ba ya da kuɗin rajista, ba ya da ranar jarrabawar da in ta wuce ka sai baɗi. Boko ne ya zo da waɗannan. Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ajin 'yan mata kuwa sai a 1930 aka fara shi a Kano da Katsina. Wannan tazara ta shekara ashirin da ɗaya, a ganina, har yau ba mu gama cike ta ba.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ɗalibin kwalejin horon malamai ne lokacin da aka ɗaura masa aure da Innata a 1975. A shekarar da ta biyo baya, 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka shiga neman malamai ruwa a jallo, har aka kafa cibiyar horar da malamai ta ƙasa a Kaduna a wannan shekarar. Duk wanda ya fito kwaleji aiki na jiransa. Saboda haka shi Baba bai san wahalar da muka sani ba. Yana makarantar kwana, gwamnati na ciyar da shi, amaryarsa kuwa na gidan gandu tare da iyayensa da matan yayyensa. Hatsi daga rumbun gandu yake fitowa, girki kwana-kwana ake yi, yaro in ya yi kuka akwai hannu goma da za su ɗauke shi. Abin da ya rage masa kawai ya riƙe littafi.

Ita Inna kuwa daga aji huɗu na firamare aka cire ta. Da aka zo maganar aure, kawunta ya ce yarinyar nan tana da ƙwaƙwalwa, aka ce masa ba komai, in ango ya gama kwaleji shi da kansa zai koya mata, ko ya sa ta ajin yaƙi da jahilci. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, aka buɗe azuzuwa har da na matan aure. Lokacin tana da goyo na biyu. Ban san abin da ya wakana tsakaninsu ba sai da na girma na yi nawa auren, kamar yadda za ku ji a gaba.

SHEKARAR 2001 DA ABIN DA TA ZO DA SHI

Abubuwa uku ne suka haɗu suka sauya rayuwar matasan ma'aurata irina a farkon shekarun 2000. Na farko, an daina karɓar shaidar malanta mai daraja ta biyu a matsayin wadda ta isa, aka ce NCE ce mafi ƙaranci, mai NCE kuma ya ga in bai yi digiri ba zai tsufa a mataki ɗaya. Wannan ya kora magidanta da yawa komawa aji. Na biyu, jami'a ta zo har ƙofar gida. Ta fara da tsangaya biyu, ta aikin gona da ta kimiyya da koyar da kimiyya, da ɗalibai 'yan tsiraru. Wanda a da sai ya bar iyalinsa ya tafi Bayero ko Zariya, yanzu da keke zai je lakca ya dawo ya ci tuwon gidansa. Na uku, gandu ya riga ya fara watsewa. Gonaki sun rarrabu ta hanyar gado, samari sun koma cin albashi, amarya kuma ba ta son zama tsakar gida ɗaya da facaloli. Sai aka koma kama hayar ciki da falo.

A cikin wannan yanayi na yi aure a 2002, ina malamin firamare mai NCE. Mafi ƙarancin albashi a lokacin, bisa dokar 2000, naira 5,500 ne, nawa kuwa bai kai dubu goma ba. Wayar salula ta shigo a 2001, amma layi kaɗai ya fi albashina na wata, sai dai mu je wurin masu lema a bakin titi mu biya kuɗin minti. Amarya, don har yau haka nake kiranta, tana aji biyu na babbar sakandare aka cire ta. Mahaifinta bai so ba, sai da baffana ya dafa ƙirji ya ce za ta ƙarasa a ɗakinta. A 2003 na sami gurbi a jami'a, aka ba ni hutun ƙaro karatu.

YINI GUDA A CIKI DA FALO

Bari in ba ku hoton yini guda daga cikin waɗancan kwanaki. Kafin kiran assalatu ta tashi ta kunna risho, in akwai kananzir, in babu ta hura gawayi a kurfoti. Ni kuma in fita tsaron mai garuwa, don in ka makara sai ka sayi jarka da tsada. Mu karya da ɗumame ko koko, in hau keke in nufi makaranta. In na fita ita kuma ta shiga jiƙa waken suya da dafa zoɓo, domin zuwan ɗalibai ya buɗe wa matan unguwa wata sabuwar sana'a. Masu gidaje suka yanyanka ɗakuna suna ba da haya, shagunan fotokwafi suka cika bakin titi, ɗalibai kuma ba su da lokacin girki. Da awara da zoɓo da ɗinkin hula take zubin adashi.

Da la'asar in dawo in wuce wata Islamiyya inda nake koyar da lissafi ana ba ni ɗan abin sabulu. Ranar Juma'a kuwa, ana sallamewa daga masallaci sai kara, inda nake rubuta wa wani kawuna dillali rasit da lissafin la'ada, cikin ƙura da kukan shanu har magariba. Abin da na samu a nan shi ne kuɗin cefanen mako. Da daddare, in an ɗauke wuta, fitilar ƙwai ɗaya gare mu. A ka'ida mun yi yarjejeniya, bayan isha'i awa ɗaya nata ne, in koya mata lissafi da kimiyya, sauran dare nawa. A watannin farko mun riƙe wannan ka'ida. Da karatu ya yi zafi sai awarta ta koma rabi, daga nan ta koma "bari in gama wannan babin", har ta kai in ɗago kai in tarar ta yi barci da littafi a ƙirji.

A lokacin ne littattafan Hausa ke tashe, matan unguwa na karɓar haya suna musanye. Na tuna na taɓa tarar da ita tana karanta Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta koma neman ilimi. Na yi mata tsiya na ce ta bar littafin jarrabawa ta kama na soyayya. Ba ta tanka ba. Sai daga baya na gane ba soyayya take nema a ciki ba.

BAƊI

A 2004 ta tara kuɗin rajistar jarrabawar kammala sakandare, irin wadda masu zaman kansu ke rubutawa a ƙarshen shekara. A cikin gwangwanin madara take ajiye su a ƙarƙashin gado. Sai ga rajistar sabon zangona ta taso, ga rashin lafiyar Baba ta cinye abin da na tanada, ga ta da tsohon ciki. Na zauna na tsara mata magana tiryan-tiryan. Na ce, "Amarya, kin ga haihuwa za ki yi, za ki tafi wankan jego kwana arba'in, yaushe za ki yi karatu? Ki ara mini kuɗin nan, ki bari sai baɗi. In na gama ai mu duka muka gama." Ta ɗauko gwangwanin ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce, "Allah Ya kai mu, Malam." Kuma wallahi a ranar ban ga laifina ba, don duk abin da na faɗa gaskiya ne.

Baɗi ta zo. Ga jaririya, ga kuɗin haya an ƙara, ga ni a shekarar da karatu ya fi tsanani. Adashinta kuwa ya tafi a hidimar suna da magani. Da lokacin rajista ya matso ta tuna mini, sau ɗaya tak, tana tankaɗe ba ta ko dube ni ba. Na ce wa zai riƙe yarinya in kin shiga ɗakin jarrabawa? Ki ƙara haƙuri, baɗi ina gab da gamawa.

Ban san yadda maganar ta kai ƙauye ba. Wata Juma'a ina tsakiyar rubuta rasit sai yaro ya zo ya ce ana sallama da ni a wajen 'yan tumaki. Ina zuwa na tarar da Inna tsaye a gefe da lulluɓinta, ƙanena na riƙe da igiyar tunkiyarta, wadda ta shekara uku tana kiwo. Aka yi ciniki aka sayar a gabana, ta ƙulle kuɗin a bakin zane, ta ce mu je gida. Da yake ni ne ɗan fari, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma cika yi mini doguwar magana ba. Muna shiga ta kwance kuɗin ta ajiye a gaban surukarta, sannan ta juya ta fuskanci bango ta ce, "Kai, ubanka ma baɗi ya ce mini. Baɗin nan yau shekararta talatin. Shi bai yi don mugunta ba, kai ma na san ba don mugunta kake yi ba. Amma 'yar mutane ba za ta ga abin da na gani ba ina raye."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da jarrabawa ta zo a ƙarshen 2005, Inna ta baro ƙauye ta tare a falonmu mako shida, tana goyon jikarta, tana kai ta a ba ta nono tsakanin takarda da takarda. Amarya ta ci komai ban da lissafi, wato darasin da mijinta ke karantawa a jami'a. Wannan ma wani mari ne. A 2006 na mayar mata da awarta ta bayan isha'i, cikakkiya, ta sake zama ta ci.

HANYAR KANO

Na kammala a 2007, a shekarar ita kuma ta fara karatun NCE na ƙarshen mako a wata kwaleji a Kano. Sai aiki ya juya. Ranar Asabar da asuba in raka ta tasha ta hau hayis, a bi ta Mariri da Hotoro, ni in dawo in yi wa yara wanka in dafa garau-garau, wanda har yau suke yi mini dariyarsa. Litar fetur da ake sayarwa naira 22 a 2000 ta kai 65 a 2007, kuɗin mota ya bi ta. An ba da kwangilar mayar da titin Kano zuwa Maiduguri tagwaye a 2006, aikin ya ɗauki shekaru, kuma duk ranar da magariba ta yi ba ta dawo ba sai in kasa zaune in kasa tsaye. Maƙwabta sun yi gutsiri-tsoma, wasu suka ce an shanye ni. Ta gama a 2011 da goyo na uku a baya. Yau malama ce, kuma a shekarun da albashina ya kasa, nata ne ya rufa mana asiri.

YAU DA GOBE

Abubuwa da yawa sun sauya. A 2022 an sauya wa jami'ar suna zuwa ta Aliko Ɗangote. Ɗaliba mai goyo a baya ko mai ciki a ɗakin lakca ta daina zama abin kallo. Abin da muke biyan kuɗin fotokwafi a kai yanzu ta waya ake turo shi. Amma wahalar ba ta ragu ba, kama ta sauya. Bayan cire tallafin mai a 2023 lita ta haura naira 500, a 2024 ta taɓa 1,000. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, sai dai kowa ya san abin da yake iya saye. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas, kuma ga matar aure wata takwas ba ƙaramin abu ba ne, domin kafin a koma aji wata ta yi ciki, wata ta haihu, wata mijin ya ce ya gaji.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi na gidanmu shi ne, yawancin mazan da suka karya alƙawarin nan ba ranar ɗaurin aure suka yi niyyar karya shi ba. Kullum akwai dalili, kuma dalilin na gaskiya ne: haihuwa, haya, jinya, rajistar maigida. A duk lokacin da kuɗi ko lokaci ya kasa isar mutum biyu, na macen ake ɗagawa, don ita ce ba za ta yi gardama ba. A zamanin Baba gandu ya ɗauke wa namiji nauyi ya yi karatu, bai ɗauke wa mace ba. A zamaninmu babu gandun, sai wanda Allah Ya ba uwa irin tawa.

Shi ya sa bayan an watse daga zaure na sa aka kira mini yaron shi kaɗai. Ban tambaye shi ko ya yarda ta yi karatu ba, don na san zai ce ya yarda. Na tambaye shi wa zai biya rajistar zango mai zuwa, kuma daga ina. Na tambaye shi in haihuwa ta zo daidai da jarrabawa, wa zai riƙe jariri. Na tambaye shi in ta dawo lakca ƙarfe shida, wa zai ɗora tukunya. Ya yi shiru yana sosa ƙeya, ya ce, "Baba, gaskiya ban yi wannan tunanin ba." Na ce ni ma ban yi ba a lokacina, je ka yi ka dawo. Bayan mako guda ya dawo da amsoshinsa, wasu sun gamsar da ni, wasu da saura. Kuɗin rajista na ce ni zan ci gaba da biya har ta gama, uwarta kuma ta ce ɗakinta a buɗe yake ga jika ko da tsakar dare.

Inna na nan da ranta, ta tsufa, ido ya yi rauni. Jikar tata ce ta koya mata rubuta sunanta da boko tana 'yar firamare, kuma har yanzu takardar na cikin adakarta. Da aka gaya mata an sa rana, abin da ta fara tambaya shi ne saura shekara nawa yarinyar ta gama. Aka ce ɗaya da 'yan watanni. Ta ce to a gaya wa angon tana da tunkiya.

Allah Ya ba mu ikon cika alƙawari, Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci zuriyarmu baki ɗaya, amin.